Sikila a gida: gyaran ƙwayar gado, dashen ɓargo, tantance ɗan tayi ko magani na kullum?

Tun ƙarshen shekarar 2023, da Birtaniya da Amurka suka amince da maganin Casgevy, labari ya karaɗe gari cewa an gano yadda ake magance sikila ta hanyar gyara ƙwayar gado. Labarin gaskiya ne, sai dai ya iso mana a dunƙule, kowa ya ɗauki ɓangaren da zuciyarsa ke so. Uwar da ke jinyar ɗanta a Asibitin Murtala ta ji shi a matsayin waraka. Saurayi da budurwar da gwaji ya nuna dukansu AS ne sun ji shi a matsayin izinin ɗaura aure, suna cewa ai kafin yaran su girma maganin ya zo. Mai ɗan hali kuma yana ta lissafi: ya sayar da filinsa ya kai yaro Indiya yanzu, ko ya dakata sabon abin ya sauko? Waɗannan ɓangarori uku ba tambaya ɗaya suke yi ba, don haka ba amsa ɗaya ce za ta ishe su ba.

A cikin ƙwayoyin jikin kowannenmu akwai rubutun gado da masana ke kira DNA, rabi daga uwa, rabi daga uba. Sikila kuskuren harafi ɗaya ce tak a sashen da ke koya wa jiki haɗa himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Kamar malami ya yi tuntuɓen alƙalami a harafi guda ne, almajirai suka yi ta kwafa haka nan, allo bayan allo. Wanda ya gaji kuskuren daga ɓangare ɗaya shi ne AS, lafiyarsa lau. Wanda ya gada daga ɓangare biyu shi ne SS: ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi, kuma maimakon su yi kwana 120 kamar na kowa, sai su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Daga nan ne ciwon ƙashi, ƙarancin jini, shawara da kumburin saifa suke fitowa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kuma ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu cutar duk shekara, adadin da ba ƙasar da ta kai shi a duniya.

Akwai wani lissafi da ke yawo a bakin jama'a wanda ya kamata a gyara tun nan. In AS ya auri AS, ana cewa ɗaya cikin huɗu ne zai zo da sikila, sai wasu su ɗauka in na fari ya zo da ita, ukun da ke biye sun tsira. Kowane ciki rabonsa daban. Ana iya haifar shida ba mai ita ko ɗaya, ana iya haifar uku a jere duk SS.

Ma'aunin da za mu auna da shi

Na farko, kuma shi ya fi kowanne muhimmanci: wa ake son a ceta? Yaron da ya riga ya zo duniya, ko wanda ba a ko ɗauki cikinsa ba? Yawancin ruɗanin da nake ji a kan wannan batu daga haɗa waɗannan biyun yake tasowa. Na biyu kuɗi, kuma a nan ba na asibiti kaɗai ba, har da jirgi, masauki, abinci da watannin da uba zai bar kasuwarsa a Kwari ko Singa ba mai tsaya masa. Na uku ɗorewa: sau ɗaya ake yi a gama, ko abu ne na tsawon rai? Na huɗu sauƙin samu ga mutumin da ke zaune a Kano. Na biyar haɗari, musamman wanda ba a cika faɗa wa iyaye ba sai an yi nisa. Na shida matsayin doka da addini, don ba wanda zai so ya kashe dukiyarsa a kan abin da zai hana shi barci daga baya.

Magani na kullum, da haidiroksiyuriya a tsakiyarsa

Da shi na fara don shi ne ake rainawa, alhali shi ne ya fi ceton rai a garin nan. Tsarin sananne ne ga duk uwar da ke zuwa asibitin sikila: folik asid, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro irin su Paludrine, gidan sauro, penisilin ga ƙananan yara, cikakkun alluran rigakafi, shan ruwa da yawa, da rufe jiki lokacin hunturu. A kan waɗannan sai a ɗora haidiroksiyuriya, wanda za ku ga an rubuta Hydroxyurea a jikin kwalinsa.

Yadda yake aiki abin lura ne, domin zai sake dawo mana in mun zo kan Casgevy. Jariri a cikin ciki yana da wani irin himogulobin nasa na daban wanda ba ya lanƙwashewa. Bayan haihuwa jiki yakan rage yin sa a hankali ya koma na manya, shi ya sa ba a cika ganin alamun sikila ba sai yaro ya kai wajen wata shida. Haidiroksiyuriya yana sa jiki ya ƙara fitar da wancan na jarirtaka, sai tashin ciwo ya ragu, buƙatar ƙarin jini ta ragu, kwanciya asibiti ta ragu. Amurka ta amince da shi ga manya tun 1998. Wani babban bincike da aka yi a Angola, Kwango, Kenya da Uganda, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna cewa a wurin yaran Afirka ma yana rage ciwo, zazzaɓin cizon sauro da mace-mace.

Kano tana da hannu a wannan ilimi, kuma ina ganin ya kamata iyaye su san haka. Cikin yaran da ke da sikila, kusan ɗaya cikin goma kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20 in ba a ɗauki mataki ba. Akwai na'urar da ake kira TCD, wadda ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba allura, ba zafi. In gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana cikin haɗari. A ƙasashen Turai irin wannan yaro ƙarin jini ake yi masa duk wata, abin da ke da wuyar ɗorewa a nan. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Murtala, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun gwada haidiroksiyuriya a kan yara 220 masu irin wannan sakamako, aka wallafa binciken a 2022, ya kuma nuna maganin yana ba da kariya ko da a ƙaramin awo ne. Wato a garin nan aka tabbatar da hanyar da talaka zai iya bi.

Kuɗinsa dubban naira ne a wata, gwargwadon nauyin yaro, sai kuɗin gwajin jini da ake yi lokaci-lokaci don a ga ko maganin ya rage fararen ƙwayoyin jini fiye da kima. Ba ya warkarwa: ranar da aka daina sha, amfaninsa ya fara tafiya. Mai ciki ko mai neman ciki sai ta yi magana da likita tukuna, haka ma namiji baligi, don yana iya rage yawan maniyyi. Wasu iyayen kan tsorata in suka ji asalinsa maganin ciwon daji ne, amma an shafe shekaru ana bin diddigin masu shansa, kuma illar barin sikila haka nan ta fi nesa ba kusa ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Abin da na fi jin wa tsoro a nan shi ne jabun magani da kuma saye a kemis ba tare da awon likita ba.

Dashen ɓargo

Wannan ita ce warakar da ta daɗe. An fara ganin ta a 1984, lokacin da aka yi wa wata yarinya a Amurka dashe saboda sankarar jini, sai sikilar da take da ita ma ta tafi. Ana kashe ɓargon majiyyaci da magani mai ƙarfi, a zuba masa na wani mai lafiya, sabon ɓargon ya ci gaba da haɗa jini mai kyau. A Najeriya an fara yin sa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, sannan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya buɗe nasa shirin a 2024 tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya. Da yawa daga masu hali Indiya suke nufa.

In yaro ƙarami ne, cutar ba ta riga ta lalata masa gaɓoɓi ba, kuma aka samu ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya wanda ɓargonsu ya dace sarai, fiye da tara cikin goma sukan warke. Sharaɗin dacewar shi ne ƙashin bayan maganar. Kowane ɗan'uwa shaƙiƙi yana da damar ɗaya cikin huɗu ne ya dace, kuma dole shi kansa kada ya zama SS, amma AS yana iya bayarwa. 'Yan uba ba sa cika wannan sharaɗi, abin da ya shafe mu sosai a gidajen da ke da mata fiye da ɗaya: gida cike da yara, amma masu yiwuwar dacewa biyu ne ko uku. Shi ya sa ƙasa da ɗaya cikin biyar na masu cutar ne ke samun irin wannan mai bayarwa. Yanzu ana yin dashe da ɓargon uwa ko uba, wanda rabi ne ya dace, kuma sakamakonsa yana ta inganta, amma haɗarinsa ya ɗara na farko.

Haɗarin ba na wasa ba ne. Makonnin da yaro ba shi da garkuwar jiki, ƙaramar cuta na iya kai shi lahira. Jiki na iya ƙin sabon ɓargon. Sabon ɓargon ma na iya juyowa ya yaƙi jikin da aka sa shi a ciki, ya taɓa fata, hanji da hanta, wani lokaci har tsawon shekaru. Sannan ga rashin haihuwa, wanda maganin kashe ɓargo kan haddasa. A al'ummar da ake fara tambayar amarya labarin ciki tun ba ta shekara ba, bai dace a yanke wa yarinya 'yar shekara takwas wannan hukunci ba tare da an zauna an yi tunani mai zurfi ba. Ku tambayi asibitin ko suna da hanyar adana ƙwai ko maniyyi kafin a fara.

Kuɗi kuwa miliyoyin naira ne masu yawa a gida, gomman dubban daloli a waje, ban da zaman watanni kusa da asibiti. Kafin a biya ko sisi, a tabbatar akwai likitan jini a Kano da zai karɓi yaron in an dawo, domin shekarar farko bayan dashe tana buƙatar sa ido sosai.

Gyaran ƙwayar gado ga wanda aka riga aka haifa

Ga abin da ya tayar da ƙurar. A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna yadda za a yi amfani da wata dabara mai suna CRISPR a yanke DNA a daidai wurin da ake so, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2020. A 2019 aka fara gwada ta a kan mai sikila, wata mata mai suna Victoria Gray a Amurka. Birtaniya ta amince da Casgevy a watan Nuwamba 2023, Amurka ta biyo a Disamba, Baharen da Saudiyya ma ba su jima ba suka amince.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Casgevy ba ya taɓa harafin da ya lalace. Yana nan yadda yake. Abin da ake yankewa shi ne makunnin da ke kashe himogulobin na jarirtaka bayan haihuwa, wani sashe da ke kula da ƙwayar gado mai suna BCL11A. In aka lalata makunnin, ɓargo ya koma yin jinin jarirtaka da yawa har ya rinjayi mai lanƙwashewa. Wato hanyar da haidiroksiyuriya ke bi da ƙwaya kullum, ita Casgevy ke bi da ƙarfi a karo ɗaya. Sakamakon gwajin da aka dogara da shi yana da ban sha'awa ƙwarai: cikin mutum 31 da aka bibiya, 29 sun yi aƙalla wata 12 a jere ba tashin ciwo mai tsanani. Ga wanda ya san abin da tashin sikila yake, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ina fatan Allah Ya nuna mana ranar da zai zo hannun 'ya'yanmu.

Amma ba allura ba ce da za a yi wa yaro a koma gida. Ana fara yi masa ƙarin jini na wasu makonni. A ɗebi ƙwayoyin ɓargonsa ta jijiya, wani lokaci sai an maimaita. A aika su masana'anta a gyara, abin da kan ɗauki watanni. Daga nan a kashe ɓargonsa da busulfan, irin maganin da ake amfani da shi a dashe, a mayar masa da ƙwayoyinsa da aka gyara, ya kwanta asibiti wata guda ko fiye. Saboda haka haɗarin kamuwa da cuta da na rashin haihuwa suna nan daram. Ribarsa a kan dashe biyu ce, kuma manya ne: ba a neman mai bayarwa, kuma ɓargon ba zai yaƙi jiki ba tunda nasa ne. A 2023 an amince da shi ne ga 'yan shekara 12 zuwa sama masu yawan tashin ciwo. Ɗorewarsa ana sa ran ta tsawon rai ce, sai dai wadda aka fara yi wa ma a 2019 ne, shi ya sa aka tsara bin diddigin majiyyata har shekara 15.

Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, kuɗin maganin kaɗai ban da na asibiti. In aka lissafa dala a kan naira 1,500, naira biliyan 3.3 ke nan. Ɗan'uwansa Lyfgenia, wanda aka amince da shi rana ɗaya kuma yake cusa sabuwar ƙwayar gado maimakon yanka, dala miliyan 3.1 ne, yana kuma ɗauke da gargaɗin yiwuwar sankarar jini. Kasancewar Saudiyya ta amince da Casgevy ya sa wasu namu ke ganin hanya ta buɗe, tunda ƙasa ce da Bakano ya saba da ita, amma amincewar hukuma ba ta nufin za a yi wa baƙo kyauta. Fatan talaka yana ga binciken da ake yi na allurar da za ta yi gyaran a cikin jiki ba sai an kashe ɓargo ba. A 2019 Gidauniyar Gates da cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka sun yi alƙawarin dala miliyan 100 kowace don neman irin wannan waraka ga sikila da cutar ƙanjamau, da Afirka a zuciya. A 2025 kuma likitoci a Filadelfiya sun yi wa wani jariri gyaran ƙwayar gado a cikin hantarsa ta hanyar jijiya, saboda wata cutar gado ta daban. Alamu ne masu kyau, amma ba abin da za a tsara rayuwar yaro a kansa ba ne yau.

Abu ɗaya ya haɗa dashe da Casgevy wanda ya kamata a faɗa wa duk wanda ya warke: jininsa ne ya canja, ƙwansa ko maniyyinsa bai canja ba. In Allah Ya ba shi haihuwa, S zai gadar wa kowane ɗa nasa. Wajen zaɓen abokin aure, har yanzu SS ne.

A ɓangaren addini, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yi fatawa a 1998 cewa ya halatta a yi amfani da ilimin ƙwayoyin gado wajen kare cuta ko magance ta, muddin ba zai jawo ɓarnar da ta fi ta ba, ta kuma hana wasa da halittar ɗan'adam da sunan inganta zuriya.

Ga waɗanda ba su haihu ba: gwaji, da tantance ɗan tayi

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, ciki har da na sikila. Saudiyya ta yi irin wannan tun 2004. Shi ne mafi arha a duk abin da muka lissafa, amma zafinsa a zuciya yake, musamman in sai da aka kai kuɗin gaisuwa aka sa rana sannan aka je asibiti. A yi shi tun ana matakin tambaya. A kuma maimaita a wuri na biyu, don ana samun kuskuren sakamako, kuma wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce gwajinsa na iya fita ba daidai ba. Kada a manta da AC, mai ɗauke da wani kuskuren himogulobin na daban da ake kira C: in ya haɗu da AS ana iya haifar SC, ita ma sikila ce.

Waɗanda suka riga suka yi aure fa, dukansu AS, watakila ma sun binne ɗa ko biyu? Su ne dashen ƙwai na IVF tare da tantancewa ya fi shafa. Ana ba matar allurai ta saki ƙwai da yawa, a haɗa da maniyyin mijin a ɗakin gwaji, bayan kwana biyar a ɗebi 'yan ƙwayoyi daga kowane ɗan tayi a duba, a mayar da AA, wanda bai gaji kuskuren ba sam, ko AS cikin mahaifa. Fasahar ba sabuwa ba ce, tun 1990 aka fara tantance ɗan tayi a Landan, kuma akwai asibitocin kuɗi a Legas da Abuja da ke yi. Kowane zagaye miliyoyin naira ne, ba kuma tabbas ciki zai kama a karon farko, musamman in matar ta haura shekara 35. Wahalar duk a kanta take: allurai, ɗibar ƙwai, jiran sakamako, wani lokacin da kumburin ciki sakamakon allurai. Kowace haihuwa kuma sai an sake, sai dai in an daskarar da sauran 'yan tayi masu lafiya. Tsakanin haihuwa da haihuwa dole a yi tsarin iyali mai ƙarfi, in ba haka ba ciki na iya shiga da kansa a koma gidan jiya. Wasu sukan tantance har da dacewar ɓargo, don ƙanin da za a haifa ya iya bai wa wansa mai sikila.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a mayar a mahaifarta, ta haramta shigo da ƙwai, maniyyi ko mahaifar wani na uku. Abin da za a yi da 'yan tayin da ba a mayar ba, wannan ku zauna da malamin da ya fahimci fannin ku tattauna kafin a fara. Cocin Katolika kuwa bai yarda da IVF ba gaba ɗaya.

Akwai gwajin da ake yi bayan ciki ya shiga, wajen mako 10 zuwa 13, wanda ke nuna ko ɗan SS ne. Amfaninsa a nan shi ne shiri. Dokar Arewa ba ta yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa, mazhabar Malikiyya kuma ta tsananta a kai tun farkon shigarsa.

Gyara ɗan tayi kansa

Wannan shi ne mafarkin da ake yi wa duniyar gobe: a gyara harafin tun ɗa yana ƙwaya ɗaya, ya taso ba S, jikokinsa ma haka. Ba asibitin da doka ta yarda ya yi shi. Gwajin farko da aka wallafa, a ƙasar Sin a 2015, a kan wannan ƙwayar gado ta himogulobin aka yi shi, da 'yan tayin da ba za su iya rayuwa ba, kuma cikin 86 'yan ƙalilan ne suka gyaru yadda ake so, wasu kuma aka yanke su a inda ba a yi niyya ba. A 2018 He Jiankui ya sanar da haihuwar tagwaye mata da ya taɓa wa ƙwayar gado, duniya ta yi masa ca, kotun ƙasarsa ta ɗaure shi shekara uku. Taron masana na duniya da aka yi a Landan a 2023 ya sake cewa ba a yarda da shi ba a halin da ake ciki. Kuskure a nan ba ya tsayawa kan mutum ɗaya, zuriya yake bi.

Ko da gobe an kawar da duk wannan haɗari, ga abin da nake so AS da AS su lura da shi: gyara ɗan tayi sai ta hanyar IVF. In kuwa an riga an yi IVF, uku cikin huɗu na 'yan tayin ba su da sikila tun asali, zaɓa kawai za a yi. Saboda haka jiran wannan fasaha jiran abin da ba ku buƙata ne. Masu buƙatarta na gaskiya su ne SS da SS, waɗanda duk ɗan da za su haifa SS ne.

| Zaɓi | Wa yake amfana | Kuɗi | Ɗorewa | Samu daga Kano | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Magani na kullum | Wanda aka haifa | Dubbai a wata | Sai an ci gaba da sha | A cikin gari | Raguwar ƙwayoyin jini, jabu |
| Dashen ɓargo | Wanda aka haifa, mai ɗan'uwan da ya dace | Miliyoyi masu yawa | Tsawon rai in ya kama | Legas, Benin, Indiya | Mutuwa, yaƙin ɓargo da jiki, rashin haihuwa |
| Casgevy | Ɗan shekara 12 zuwa sama (sharaɗin 2023) | Dala miliyan 2.2 | Ana sa ran tsawon rai | Ƙasashen waje | Kamuwa da cuta, rashin haihuwa |
| Gwaji kafin aure | Waɗanda ba su yi aure ba | Kaɗan | Ya shafi dukan zuriya | A cikin gari | Kuskuren sakamako |
| IVF da tantancewa | Ma'aurata AS da AS | Miliyoyi kowane zagaye | Haihuwa ɗaya-ɗaya | Abuja, Legas | Rashin kama ciki, wahalar uwa |
| Gyara ɗan tayi | SS da SS | Ba a sayarwa | Yana bin zuriya | Babu | Kuskuren da za a gada |

Wanne ya dace da wa

In yaronku ƙarami ne, ko mene ne ƙarfin aljihunku, a fara da rajista a asibitin sikila, a nemi a yi masa TCD duk shekara daga shekara 2 zuwa 16, a tambayi likita batun haidiroksiyuriya ko da ciwon bai yawan tashi ba. Ko dashe kuke hari, ko kuna fatan sabon magani ya iso, dukansu sun fi yin kyau a jikin da ƙwaƙwalwa, ƙoda da huhu ba su lalace ba, kuma wannan maganin ne zai kai yaron can da lafiyarsa.

In ciwon ya yi tsanani duk da magani, wato tashi a kai a kai, ciwon ƙirji mai kwantarwa, ko shanyewar ɓarin jiki ta taɓa faruwa, kuma akwai shaƙiƙai, a yi gwajin dacewar ɓargo. In an samu wanda ya dace sarai kuma akwai hali, ra'ayina shi ne kada a jira Casgevy: sakamakon dashe yana raguwa da ƙaruwar shekaru, farashin wancan kuma ba alamar zai sauko kusa. In yaron yana zaune lafiya da magani, yana zuwa makaranta, ban ga dalilin jefa shi cikin haɗarin dashe don kawai a ce ya rabu da sunan sikila ba.

Matashi ko babba mai ciwo mai tsanani, ba mai ba shi ɓargo, wanda yake da zama ko inshora a ƙasar da ake yin Casgevy, shi ne ya dace ya bi wannan layin, bayan ya adana ƙwai ko maniyyi. Duk wanda ya zo muku a nan gida da alƙawarin gyaran ƙwayar gado ko allurar warkar da sikila a farashi mai sauƙi, ku kai wa likitanku maganar kafin ku ba da kuɗi.

Ma'aurata AS da AS masu son ƙarin haihuwa kuma suna da hali, IVF da tantancewa, tun matar tana da ƙuruciya. Marasa hali su tanadi a gwada kowane jariri tun yana ɗanye, a fara penisilin da wuri in SS ne.

Waɗanda ba a ɗaura musu aure ba tukuna, shawarar taku ce da ta magabatanku, amma ku yanke ta a kan abin da ke cikin wancan jadawali a yau. In za ku ci gaba, ku yi wa juna tambaya biyu a gaban iyaye: za mu iya biyan IVF ga kowace haihuwa, in kuma ba za mu iya ba, mun shirya renon mai sikila, wataƙila fiye da ɗaya?